Kaka a gidan kaka ko kaka a birni: ina za a kai yara ƙanana?

Duk shekara, da ruwan sama ya fara ja da baya, sai wayar Inna ta shigo. Inna surukata ce, mahaifiyar maigidana, tana can ƙauyensu a ƙasar Gumel. Bayan an gama gaisuwa, ta tambayi lafiyar kowa har da kajin da na daina kiwo tuntuni, maganarta ɗaya ce: "To, gero ya nuna. Yaushe za a kawo mini angona da kishiyoyina?" Angon nata ɗana ne mai shekara takwas, kishiyoyin kuma ƙannensa mata biyu, mai shida da mai uku. Ni kuwa ina ajiye waya sai lissafi ya tashi. Makarantar boko ta koma, Islamiyya na nan Asabar da Lahadi, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ga kuma sauro.

Na san ba a gidanmu kaɗai ake wannan shawara ba. Duk wanda ya baro ƙauye ya zauna Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana da wata Inna da ke jiran jikoki idan kaka ta yi. Mu dai mun gwada hanya uku a shekara uku. Shekarar farko mun je a farkon kaka, ta biyu mun zauna mun yi tamu kakar a gida, bara kuma mun je a ƙarshenta. Abu biyu ne suka raba mana gardama: shekarun yaro, da watan da za a je.

Yaron birni ya san tuwo a kwano, ya san buhu a sito, amma tsakanin buhu da gona babu komai a kansa. Ɗana yana aji ɗaya na tambaye shi daga ina gero yake fitowa, ya ce daga wurin mai awo. Kwana biyu a ƙauye suka cike masa wannan gurbi. Ya ga an sare kara an kwantar, an yanke zangarniya, an ɗaure dami, an jera a rumbu. Ya ga mata sun yi sussuka, sun ɗaga ƙwarya sama suna shiƙa, iska ta tafi da ƙaiƙayi, tsaba ta zubo. Ya ga baffansa yana ƙirga dami, idan ya kai goma ya ware ɗaya gefe. Da ya tambaya, baffan ya ce masa, "Wannan ba namu ba ne, zakka ce." Nan gaba malamin Islamiyya zai koya masa cewa amfanin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa idan ya kai nisabi, wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala kuma rabin haka. Amma damin nan da aka ɗora wa jaki aka kai ƙofar wata tsohuwa, shi ne abin da ya zauna masa, har yau yana ba ƙannensa labari.

Kuma a ƙauye yaro ba ɗan kallo ba ne. Akwai aikin da ya dace da kowane hannu. Mai shekara biyar zai iya tsigar gyaɗa a inuwa kusa da mata. Mai shida ko bakwai zai bi yara kala, su tsinto zangarniyar da masu girbi suka bari, abin da ya samu nasa ne. Akwai roron wake, akwai korar awaki daga shanya. A gidana na Kano sai na yi magana sau uku kafin a ɗauke kofi daga tabarma. A can, yaron nan da kansa yake neman a ba shi ƙwarya, don ya ga sa'o'insa kowa da tasa.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali kuwa motar kara ce. Na zauna a kan turmi na kalli yadda ɗan baffansa, wanda bai girme shi da shekara biyu ba, yake haɗa ta. Ya zaɓo sillen karan dawa busasshe, ya kama bakinsa da haƙori ya ɓare ɓawon siriri siriri, totuwar ta fito fara sol. Totuwar ita ce katakon, ɓawon kuma shi ne ƙusa. Ya gutsura, ya soka, ya gutsura, ya soka, har gidan mota ya tashi da ƙofa da wurin zaman direba. Taya ya yanko daga tsohon silifa. Nawa ya ce shi ma zai yi, ɓawon farko ya yanke shi a ɗan yatsa, don kaifinsa kamar reza. Ya dube ni yana shirin kuka, ya ga babu wanda ya kula, ya tsotse jinin ya ci gaba. Motarsa ta fito a karkace, ƙafa uku na taɓa ƙasa ɗaya na lilo. Da ita ya kwana. Motar batir da Abbansa ya saya masa da Sallah ba ta yi kwana huɗu a hannunsa ba.

Da dare kuma, idan an dace da farin wata, 'yan mata na gaɗa a dandali, maza na langa, Inna ta shimfiɗa tabarma ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa. Lokacin ne kuma ake dambe da kokawa a garuruwa, don rumbu ya cika, aljihu ya yi nauyi. Ban kai su dambe ba, amma kiɗan na iso mu har tsakar gida. Wani amfani da ban yi tsammani ba shi ne Hausarsu. Sun dawo da kalmomin da ni kaina na manta ina da su: harawa, karmami, ƙarangiya, takanɗa.

To, sai dai kaka ba ɗaya ba ce, nan ne da yawanmu muke kuskure. Akwai ta farko, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Oktoba, lokacin gero da masara da ɗanyar gyaɗa. Akwai ta ƙarshe, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin wake da dawa da zoɓo. Ta farko ta fi daɗin baki, babu musu. Lokacin ne ake gasa tumu, a murza a tafin hannu, a hure, a watsa a baki da ɗuminsa. Wanda bai ci tumu a bakin gona ba, ba zan iya kwatanta masa ba, kuma ba a ajiye shi a jira baƙo, da geron ya bushe shi ke nan sai baɗi. Amma lokacin ne sauro ya fi yawa, kududdufai cike suke, ciyawa ta kai ƙugu, hanyar ƙauye kuma taɓo ce.

Shekarar da muka je a Satumba, mun dawo lafiya lau, har ina yi wa ƙawata dariya don ta ce in yi hattara. Bayan kwana goma sha ɗaya, ta tsakiyar, tana da shekara uku a lokacin, ta tashi cikin dare jikinta kamar garwashi, tana amai. Da safe aka yi mata gwajin nan na ɗigon jini a ɗan yatsa, layi biyu suka fito. Ma'aikaciyar ta tambaye ni ko mun yi tafiya, na ce tun makon jiya muka dawo. Ta ce ai daidai ke nan, zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana goma zuwa sha biyar bayan cizon kafin ya bayyana. Laifin kuma nawa ne ta wani gefen. Akwai maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. A jihohinmu wata-wata ake zagayowa da shi tun daga Yuli har Oktoba, kowane zagaye shan kwana uku ne, kuma kariyarsa ba ta wuce kimanin wata guda. Masu rabon sun zo layinmu muna ƙauye, a ƙauyen kuma an riga an raba kafin mu isa. Zagaye ɗaya ya tsallake ta, ga gidan sauron da na manta a kan kujera ranar tafiya. Ta warke, alhamdu lillahi, amma mako biyu ba ta je makaranta ba, ni ma ban san barci ba.

Ba wai birni babu sauro ba ne, duk mai zama kusa da kwata a Kano ya san wannan. Bambancin shi ne a gida ina da gidan sauro a ɗaure, na san ranar da masu magani za su zo, asibiti kuma tafiyar A Daidaita Sahu ce. A ƙauyen Inna, idan jikin yaro ya yi zafi da ƙarfe biyun dare, sai an tayar da mai babur.

Akwai sauran abubuwan da nake dubawa, kuma gara a faɗe su ba ɓoye-ɓoye. Maciji na son ƙarƙashin karan da aka kwantar da tarin harawa, musamman kububuwa. Asibitin Kaltungo na Jihar Gombe, wanda ya yi suna wajen maganin sarar maciji, ya fi cika lokacin shuka da lokacin girbi. Saboda haka takalmi sau-ciki dole ne, kuma doka ce a wurina ba a cusa hannu cikin tari. Idan tsautsayi ya faɗa, babu tsaga, babu tsotsa, babu ɗaure ƙafa da igiya tamau, asibiti kawai. Kududdufi kuma haɗari biyu gare shi, nutsewa da tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ke kwance. Yaran garin za su ce a zo a yi wanka, naka kuma ba ya son a ce shi matsoraci ne.

Abin da mutane ba su cika kawowa a rai ba shi ne ɗakin kwana. A ƙarshen kaka, buhunan wake kan cika ɗakuna, kuma akwai masu jefa ƙwayar kashe ƙwari a ciki, Phostoxin da ire-irenta. Ƙwayar nan iska take fitarwa mai guba, tana iya kashe mutum a rufaffen ɗaki, yaro kuwa ya fi saurin faɗuwa. Bara, kafin in shimfiɗa wa yara, na sa Abbansu ya tambayi baffansu a hankali ko an sa wa buhunan da ke lungu magani. Ni ba zan iya tambaya ba, kun san sha'anin gidan miji, sai a ce matar birni ta zo da iyayi. Aka yi sa'a buhun PICS ne, mai leda biyu a ciki, wanda rashin iska ke kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Da an ce da ƙwaya, a zaure za mu kwana.

Duk da haka, zuwan namu na Nuwamba ya fi na Satumba sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙasa ta bushe, kududdufai sun ja, sauro ya ragu ƙwarai ko da yake na ɗaura gidan sauro duk da haka. Babu tumu, amma akwai takanɗa, akwai kara ko'ina don masu ƙera mota, akwai farar da yara ke kamowa a soya da yaji. Matsalar wannan lokaci ita ce hunturu da ya fara leƙowa: sanyin asuba, mura, kaushi, leɓe na tsagewa. Rigar sanyi da man kaɗanya sun isa wannan. Sai ƙaiƙayin gero. Ta tsakiyar ta ga tarinsa kamar yashi ta faɗa ciki ta yi birgima, aka kwana ana susa, Inna na yi mata tsiya wai kishiyarta ta zo ta nuna hali. Yaron da ke da asma dai a nisanta shi daga wurin sussuka da shiƙa, ko a bar shi gida gaba ɗaya.

Shekarar da muka zauna a birni fa? Ba zan raina ta ba. Tun a Yuli na cika tsofaffin buhunan siminti da bokiti biyu da ƙasa da taki, muka shuka wake da kuɓewa da gyaɗa a bayan ɗaki. Kowane yaro da nasa, shi ke duba shi. Ranar da muka tuge gyaɗar a Oktoba, ta tsakiyar ta tsaya baki buɗe, don duk watannin nan a kan ganye take neman 'ya'yan, ba ta san a ƙarƙashin ƙasa suke ba. Ƙwaya goma sha ɗaya ta samu a bokitinta. Ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta hana a dafa. Bayan wannan mun sayi ɗanyar gyaɗa mun dafa, mun yanka kuɓewa mun shanya a faifai, mun gyara zoɓo, wata Asabar kuma muka je gidan wata maƙwabciya mai ƙuli-ƙuli suka ga yadda ake matse mai daga tunkuza. Kara ma ana samu wurin masu sayar da shi don danga. Na so in kai su kasuwar Dawanau su ga hatsin ƙasar nan tuli guda, Abbansu ya ce tsakanin tireloli da 'yan dako ba wurin ɗan shekara biyar ba ne, kuma gaskiyarsa.

Wannan hanya ba ta cin kuɗin mota, ba a fashin makaranta, abinci da ruwan sha na gida ne, yaro na kwana a shimfiɗarsa. Ga mai goyo ko mai tsohon ciki, ita ce mafi sauƙi. Rauninta ɗaya ne, amma babba: komai a wuyan uwa yake. A ƙauye, garin ne ke yi maka renon, yara ashirin na jiran naka a ƙofar gida. A birni, idan na gaji, an tashi wasan. Ni kuwa na gaji. Mako uku na yi da zafina, na huɗu na dawo daga aiki ga wanki ga girki, aka ce "Umma, yau me za mu yi?" na miƙa musu waya. Kuɓewar ƙarshe a jikin itacenta ta tsufa. Kuma duk ƙoƙarina, babu Inna a ciki. Zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwa ba ta da tabbacin kaka nawa suka rage mata.

Gyaɗa dai, a ƙauye ko a birni, ba na ba 'yar ƙasa da shekara huɗu ƙwayarta guda, don tana iya sarƙe ta ta bi hanyar numfashi. Wadda ta yi funfuna ko take ɗaci kuma zubarwa ake yi, gubar da ke cikinta hanta take taɓawa.

Batun kuɗi ba na tsawaita shi, kowa ya san aljihunsa. A dai tuna ba kuɗin mota kaɗai ba ne, akwai tsaraba: sabulu, sukari, burodi, ɗan abin da za a damƙa wa tsofaffi. Ta ɗaya gefen kuma ba a dawowa hannu rabbana. Bara mun taho da rabin buhun gero da wake da kuka da daddawa, suka kai mu wata da watanni. Idan aka auna, tafiyar ta kusa biyan kanta. Makaranta ma da sauƙi, don yawancinsu na ba da hutun tsakiyar zango a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ya faɗo daidai kan ƙarshen kaka. Hutun 1 ga Oktoba yana jan hankali, amma ya yi wuri, sauro bai tafi ba.

Akwai abu ɗaya da ke rushe duk wannan lissafi, shi ne tsaro. Mu Allah ya rufa mana asiri, yankinmu lafiya. Amma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe gona. Wanda ƙauyensu ke irin wannan wuri, babu motar karan da ta kai ran yaro. A aika wa tsohuwa kuɗin mota ta zo birni ta yi mako biyu, ta taho da takanɗa da tatsuniyoyinta. Ko inda ake zaune lafiya, a tambayi mutanen gida halin hanya a ranar tafiya, kuma kada dare ya yi a kan titi.

Ga inda na tsaya. Yaron da bai kai shekara biyar ba, kakarsa a gida ta ishe shi: bokitin gyaɗa, dafaffiyar masara, tatsuniya idan an ɗauke wuta. Shi ne zazzaɓi ya fi kayarwa, shi ne ba ya jin "kar ka taɓa", kuma ba zai tuna rabin abin da ya gani ba. Idan dole a je da shi don kaka ta gan shi, a bari sai Nuwamba, uwarsa na kusa, bayan ya shanye zagayen maganinsa na ƙarshe. Daga shekara shida zuwa sama kuwa, hana shi zuwa asara ce, a kai shi ko da sau ɗaya a shekara. Kwana biyu ko uku sun isa. Fiye da haka, ɗokin ya wuce, ciki ya fara juyawa saboda canjin ruwa, masu gida ma suna tsakiyar aikin da ba ya jira. Mai son tumu ya je ya yini a Satumba ya dawo kafin magariba, idan garin ba nisa, tunda sauron zazzaɓi daga faɗuwar rana yake fara aiki.

Bana Abbansu zai tafi da manyan biyu ranar Juma'ar hutun tsakiyar zango bayan an sauko daga masallaci, su dawo Lahadi da hantsi. Ni da auta muna gida. Da na gaya wa Inna ta ce, "Au, ƙaramar kishiyar tawa tsorona take ji?" Na ce, "A'a Inna, baɗi in Allah ya kai mu da kanta za ta zo ta ƙwace miki miji." Gidan sauro na riga na sa shi a ƙasan jaka tun yanzu, da gishirin zawo, da man kaɗanya, da takalma. Angon kuma tun watan jiya yake tara marafan lemo a gwangwanin madara, wai bana tayar motarsa ba ta silifa ba ce. Ya zuwa jiya sun kai sha shida, huɗu nasa, sauran na 'ya'yan baffansa.